Dalilin da ya sa ba mu shafa fenti a ɗakin nan ba

Habu, jiya da muke dawowa daga Agege ka tambaye ni abin da ya sa na ƙi shafa fenti a ɗakin da aka kira mu, alhali mai gidan ya riga ya sayo bokiti biyu, kuma aikin ba zai wuce wuni guda ba. Hayaniyar danfo, wato motar haya ta Legas, ta hana ni ba ka amsa yadda ya kamata, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Baƙin dabbare-dabbaren da ka gani a bayan durowar kaya fumfuna ce, abu mai rai wanda danshi ke ciyarwa. Idan ka rufe ta da fenti bangon yana jiƙe, ba za a jima ba fentin zai kumbura ya ɓare, ita kuma ta sake fitowa. A Kano inda ka taso, hunturu yakan busar da gini ƙayau, amma a Legas ruwa yakan zuba daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, iskar teku kuma ba ta rabuwa da laima. A nan, abin da ya jiƙe ya kwana biyu bai bushe ba, fumfuna tana iya kama shi.

Saboda haka aikinka na farko shi ne gano inda ruwan yake fitowa. Idan danshin ya taso daga ƙasa ya tsaya kusan mita ɗaya, da farin gari a gefensa, to daga tushen gini yake hawowa, galibi don ba a shimfiɗa ledar tare ruwa ba lokacin da ake zuba kankare. Farin garin nan gishiri ne, yana murmushewa a yatsa, yana kuma narkewa a ruwa. Idan tabon yana sama kusa da silin, ka duba kwano da indararo. A ɗakin jiya kuwa, ka ga na ɗora tafin hannuna a bangon na ji shi da sanyi, sannan na zaga bayansa na tarar da banɗaki. Bututu ne ke yoyo a cikin bulo.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda za su tare a ɗakin. Mai gidan da bakinsa ya ce matar da za ta tare a ciki tana da jariri da kuma yaro mai asma. Fumfuna tana sakin ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ke jawo tari da atishawa da toshewar hanci da ƙaiƙayin ido, suna kuma tayar da asma. Jarirai da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su suka fi shan wahalarsu. Ni kaina na taɓa kankare irin wannan bango a bushe, hanci a buɗe, na yi mako guda ina tari. Wallahi ba zan karɓi kuɗi in ɓoye wa yara wannan a ƙarƙashin farin fenti ba.

Idan an toshe yoyon, za mu buɗe tagogi, mu sa takunkumi da safar hannu, mu jiƙa wurin kafin mu goge shi da buroshi da sabulu, don kada ƙwayoyin su tashi. Bayan nan sai ruwan Hypo, kofi ɗaya a cikin lita huɗu na ruwa. Kada ka kuskura ka gauraya shi da Harpic na wanke masai, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Inda filasta ta ruɓe za mu fasa ta mu sake, mu jira ta bushe sarai kafin fenti. Katifa ko kafet da fumfuna ta ratsa ba sa wankuwa, sai zubarwa.

Ranar Litinin za mu koma tare da mai gyaran famfo. Ka zo da guduma da takunkumi biyu, kuma idan matar tana nan, ka tuna mini in gaya mata ta bar tazara tsakanin durowa da bango, ta kuma riƙa shanya wanki a waje.