Ga ƙanwata mai tambayar inda ake samun yadi a ƙasar waje

Ƙanwata na ga saƙonki, ba ke kaɗai ke turo min irin wannan tambayar ba shi ya sa zan rubuta a nan kowa ta karanta. Kin ce kin samu gurbin karatu a Ingila, kin iya ɗinki, kin ga bidiyon matan nan masu harhaɗa ƙyallaye su ɗinka bargo, wato kwilt, abin ya shiga ranki, kina so in faɗa miki inda shagunan yadi suke idan kin zo da kuma idan kin samu hutu kin leƙa wasu ƙasashen, sai can ƙasa kika ɗan saƙala cewa ko za ki iya riƙa ɗinki kina sayarwa ki biya haya. To wannan na ƙarshen shi ya tsaya min a rai, da shi zan fara.

Kar ki soma wallahi. Bizar ɗalibi a Ingila ba ta yarda ki yi sana'ar kanki ba sam, awa 20 a sati ɗin da kike ji ana cewa an ba ɗaliban jami'a, aiki ne a ƙarƙashin wani da ya ɗauke ki yake biyanki albashi, ba ki zauna a ɗaki da keke kina karɓar ɗinki ana turo miki kuɗi a asusu ba, ba kuma ki buɗe shafi a Instagram ki saka farashi ba. A wurin hukumomin Ingila wannan karya sharaɗin biza ne kuma suna iya soke ta, kuɗin makaranta da iyayenki suka haɗa da ƙyar ya tafi kenan. Amurka ma haka, mai bizar ɗalibi ta F-1 a shekarar farko a cikin makaranta kawai aka yarda ya yi aiki. Kuma ko da an yarda miki, bargon kwilt guda ɗaya na gado sai ya ci miki makonni, ga kuɗin yadin sama ga na bayan ga audugar ciki ga zare, wanda zai saya kuma yana kwatanta shi da na kanti da inji ya buga. Ki zo da niyyar koyo da jin daɗin ranki, kar ki ɗora hayarki a kai.

Yanzu maganar shaguna. Abin da ya fi ba ni mamaki da na zo shi ne sai ki zaga babban titin kasuwa na gari tun daga farko har ƙarshe ba ki ga mai sayar da yadi ko ɗaya ba, saboda mutanensu ɗinkakku suke saya, shagunan yadin sun tattaru ne a wasu 'yan tituna da sai an nuna miki. A Landan ki fara da Goldhawk Road da ke Shepherd's Bush, jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yana da tasha mai wannan sunan, kina fitowa shaguna ne jere, kuma a nan kina iya neman ragi idan za ki ɗauki da yawa. Kasuwar Walthamstow a ƙarshen layin Victoria ita ma akwai masu sauƙi. Atamfa da leshi da shadda kuwa ki nufi Wentworth Street wajen Petticoat Lane kusa da tashar Liverpool Street. Kantin Liberty ki je ki ga audugarsu mai laushi da ake ce wa Tana Lawn, ki taɓa ki san yadda auduga mai kyau take a hannu, amma ki riƙe katinki da kyau, ba wurin ɗalibi ba ne. Idan makarantarki wajen Bamingham take akwai Rag Market a tsakiyar gari, kuma a babban zauren NEC ake yin Festival of Quilts duk bazara, masu shaguna daga ko'ina suna kafa rumfa a can, rana ɗaya a wurin ta fi miki wata guda kina lalube a waya.

Sai dai ki gane shagon yadin sawa daban shagon kwilt daban, nan mutane suke ɓata kuɗin mota. Shagon kwilt yawanci ba ya tsakiyar babban birni, sai ki same shi a ƙaramin gari ko bayan gari cikin unguwar masana'antu inda bas ba ya zuwa sosai, wata tsohuwa ce ita kaɗai take buɗewa wasu ranaku ta rufe wasu. Yadinsu auduga ce zalla, faɗinta inci 44 wato kusan santimita 110, ba kamar yadin riga da yakan kai santimita 150 ba. Kuma ba sai kin sayi da tsayi ba, suna da yankakke da suke kira fat kwata, a Amurka inci 18 da 22 ne, a inda ake awo da mita kuma wajen santimita 50 da 55, da shi za ki tara kaloli da yawa da kuɗi kaɗan. Akwai kuma naɗaɗɗun tsiri masu faɗin inci biyu da rabi da 'yan murabba'ai masu inci 5 an riga an haɗa kalolin da suka dace, suna da daɗin aiki amma idan kika lissafa kan mita sun fi tsada.

Awo ma ki kula dan Allah. Amurka da yadi suke sayarwa, inci 36, kusan santimita 91, Turai da Japan kuma da mita, santimita 100. Turmin atamfa yadi 6 bai kai mita 6 ba, kusan mita biyar da rabi ne. Idan littafin da kike bi na Amurka ne kika shiga shago a Turai ki yi lissafinki a takarda kafin ki buɗe baki, domin da zarar almakashi ya shiga yadi ya zama naki, ba mai karɓa ya mayar miki da kuɗi ko da daƙiƙa ɗaya ce ta wuce.

Kafin ki fara mafarkin zagaya Turai ki sani bizar Ingila ba ta shigar da ke Faransa ko Jamus ko Holan, sai kin nemi ta Shengen daban. Idan kin samu, a Paris ki je gindin tudun Montmartre ƙasan cocin Sacré-Cœur, akwai Marché Saint-Pierre gini mai hawa-hawa duk yadi ne, kantin yadi na Tissus Reine na kallonsa, kewaye kuma ƙananan shaguna masu sayar da yankakke, yawanci mita uku-uku a jibge a ƙofa, nan ne arahar take. Masu atamfa suna wajen Château Rouge, da ƙafa ma za ki kai. Amma kar ki je a watan Agusta, ƙananan shaguna da yawa rufewa suke su tafi hutu. A Holan, garin Utrecht na da kasuwar yadi a titin Breedstraat ranar Asabar da safe, tana nan tun ɗaruruwan shekaru, idan kika yi barcin safe kika iso da rana za ki tarar suna kwashewa. A Balin akwai kasuwar bakin ruwa ta Maybachufer Talata da Juma'a. Jamus da Ostiriya ranar Lahadi kantuna a rufe suke ruf, kar ki ware Lahadi don sayayya. Istanbul, Dubai wajen Bur Dubai, da kasuwar Zhongda ta Guwanzu a Sin, yadi kamar ba zai ƙare ba, amma da yawansu 'yan sari ne, ki fara tambaya ko suna yankawa, kar ki ɓata awa guda kina zaɓe a ce miki sai bandir guda. Tokyo kuwa unguwar Nippori titi ne guda na shagunan yadi kusa da tashar jirgi, audugar Japan ta ɗinkin kwilt ban ga mai kyanta ba.

Amurka ita ce babbar cibiyar wannan sana'ar, babban taron kwilt na Houston duk kaka, gidan tarihin kwilt a Paducah ta jihar Kentucky, da unguwar yadi da ɗinki ta Garment District a New York inda shaguna da yawa suke saman bene ba za ki gan su daga titi ba sai kin shiga lif. Amma ko a can abubuwa na canzawa, kantunan yadi na Joann da suke ko'ina a ƙasar duk an rufe su a 2025, har yanzu kuma za ki ga tsofaffin rubuce-rubuce a intanet suna cewa ki je can. Shi ya sa duk shagon da kika gani a taswirar waya ki duba ko wani ya yi magana a kansa kwanan nan, sannan ki kira kafin ki hau mota. Ki nema da yaren ƙasar, a Faransa tissus, a Jamus Stoffe, a Turkiyya kumaş, a Turai gaba ɗaya kuma patchwork ya fi fito da shagunan kwilt. Wanda ya fi waya sani shi ne telan gyaran kaya da ke shagon wanki da guga na unguwa, da ɗaliban sashen zanen tufafi na makarantarku, da tsofaffin matan nan masu ƙungiyar ɗinki da ke haɗuwa a laburare ko zauren unguwa.

Matan nan su suka koya min, amma kar ki ɗauka da hannu bibbiyu aka karɓe ni. Ni kaɗai ce baƙar fata mai lulluɓi a ɗakin, an daɗe ana min magana a hankali kamar ba na ji, akwai wacce ta karɓe abin yanka daga hannuna wai zan ji ciwo, ni da na girma da almakashi. A wani shago kuma mai shagon ta ƙi sauko min da bandir daga sama, ta fara faɗa min kuɗinsa har sau biyu tana kallon takalmina, wallahi har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Ban daina zuwa ba. Na haɗa guntayen atamfa da farar auduga na ɗinka bargon da suka kewaye shi suna ɗaukar hoto, yanzu idan sabuwa ta shigo ni ake turo wa in nuna mata yadda ake haɗa yadi mai manyan zane ba tare da ya cinye sauran ba. Ba wanda ya ba ni wannan, da daren sanyi na same shi bayan na dawo daga aiki ƙafa a kumbure. Idan za ki saka atamfa a kwilt ki wanke ta tukunna ita kaɗai, wata tana zuba kuma auduga na tsukewa a wankin farko. Idan kina shakkar yadi auduga ne, ki roƙi ɗan ƙyalle ki je gida ki ƙona bakinsa, auduga toka take zama mai laushi, roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Sai maganar sautu, wannan kam ki ji ni da kyau domin ranar da aka ji kin san shaguna kin shiga uku. Za a turo miki hoto a WhatsApp a ce irin wannan sak, alhali kalar da ke waya ba ita ce kalar da ke ƙarƙashin fitilar shago ba, ki kashe kuɗin jirgi da ranar hutunki ki sayo da kuɗinki, ya isa a ce ai ba shi ba ne, kuɗin kuma shiru, idan kika tambaya ki zama marar mutunci. Wasu kuma gani suke tunda Vlisco a Helmond ta Holan yake tun 1846, Getzner a Bludenz ta Ostiriya, leshi kuma daga Lustenau ta Ostiriya da St. Gallen ta Suwizalan, to duk wanda ke Turai a bakin ƙofa yake ɗiba a banza. Zamanki kusa da masana'anta ba ya sa a rage miki ko sisi. Ni yanzu sai kuɗi ya shigo, sai na kira ta bidiyo daga cikin shagon ta ce na yarda, sannan a yanka.

Ga nauyi kuma, yadi yana da nauyin da ba ki zata ba, akwati kilo 23 ne a yawancin jirage, 'yan turame kaɗan sun cinye rabi. Audugar ciki kar ki ɗauko ta daga wata ƙasa, cika akwati kawai za ta yi, ki saya a inda za ki yi ɗinkin. Babban almakashi da abin yankan nan mai reza zagayayye a akwatin da za a auna za ki saka su, a jakar hannu ƙwacewa za a yi, a Ingila almakashin da bakinsa ya wuce santimita 6 ba ya shiga cikin jirgi. Keken ɗinki na Amurka wutar 120 yake sha, na Japan 100, Ingila da Turai kuma 230 ce, kika jona shi kai tsaye ya ƙone. Harajin sayayya ma, Ingila ta daina mayar wa baƙi tun farkon 2021, Faransa tana mayarwa idan sayayyar ta haura Yuro 100 a shago ɗaya kuma ba a cikin Tarayyar Turai kike zaune ba, ki tafi da fasfo ki nemi takardar tun a shagon. A Amurka kuma kuɗin da ke jikin kaya ba shi za ki biya ba, a yawancin jihohi sai a wurin biya ake ɗora haraji.

Ki taho da tef ɗin awonki da almakashin da hannunki ya saba da shi da duk guntayen atamfar da kika tara, su ne za su yi miki wuyar samu a nan da araha. Keke ki bar shi, za ki samu na hannu a Facebook idan kin zauna. Ki fara gama rajistar makaranta ki samu ɗaki ki sayi rigar sanyi ta kirki, bayan nan ki kira ni mu saka wata Asabar in kai ki Goldhawk Road da kaina, ki zo da takalmi mara tsini don tafiyar ƙafa ce sosai.