Amsa ga ɗiyata kan dodo da kishiyar uwa

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni, kuma na yi dariya kafin daga baya jikina ya ɗan yi sanyi. Kin ce a darasinku na ilimin halayyar ɗan Adam an koya muku cewa muguwar kishiyar uwa ta cikin labaran yara wata fuska ce ta uwar yaron kanta, sannan kina tambaya ko ki daina karanta wa ɗanki labaran da ke da dodo da mugaye, don kada su gurɓata masa tunani.

Maganar malaminku ba sabuwa ba ce. Bruno Bettelheim, wani masanin halayyar yara, shi ne ya yayata ta a littafinsa na 1976, inda ya ce ƙaramin yaro ba ya iya ɗaukar cewa mai rarrashinsa ita ce kuma mai tsawata masa, don haka labari yake raba masa ita gida biyu, ya sauke haushinsa a kan muguwar ba tare da ya ji ya saɓa wa mahaifiyarsa ba. Su kansu 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, masu tattara tatsuniyoyi, a bugun littafinsu na 1812 uwar da ta haifi yarinyar nan Snow White ce take neman ranta, sai a bugun 1819 suka mayar da ita matar uba.

Kakarmu ba ta taɓa jin waɗannan sunaye ba. Amma na tuna wani dare da na kwanta da kumburarren ido, domin da yamma Inna ta zane ni a kan laifin da ƙanena ya aikata. Kaka ta dube ni, ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta ɗauko labarin marainiyar da matar uba ta tura rafin dodo. Da ta iso wurin sakayya sai ta rage murya, ta ja maganar, ta tsaya tana tambayata abin da ya dace a yi wa matar. Na ce dodo ya haɗiye ta. Ta ce to, ya haɗiye ta. Na ce ya amayo ta ya sake haɗiyewa, sauran yara suka fashe da dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba, ta ce haka aka yi. Kafin ta kai ƙurunƙus na lallaɓa na kwanta a jikin Inna. Da ƙanena ya fara maƙyarƙyata kuma, nan take ta mayar da dodon wawa mai tuntuɓe da ƙafarsa.

Idan aka tambaye ta dalili, cewa take yi labarin zuciya a tambayi fuska, kuma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle ɗa da uwa. Abin da ke damuna da ku ke nan, 'yan zamani. Kuna miƙa wa yaro waya ya kalli dodo shi kaɗai, alhali waya ba ta ganin fuskarsa, ba ta san lokacin da za ta sassauta ba, sannan ku dawo kuna tuhumar dodon.

Ban yarda da duk abin da Bettelheim ya faɗa ba, domin wata matar uban muguwa ce kawai, kuma wata ta fi uwa tausayi. Ki gaya mini tukuna shekarun yaron yanzu, da kuma wanda yake zaune kusa da shi lokacin da ake labarin.