Kwikwiyon gidan aiki ya hana kyanwa sakat, ni kuma ina tsoron bizata

Wata ƙanwarmu da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ta rubuto mini. Ga saƙon nata a taƙaice:

"Anti, barka da aiki. A gidan tsohuwar da nake kula da ita nake kwana. Tana da kyanwa mai shekara 11, akwai kuma zomon jikarta a keji a bayan gida. Wata uku da suka wuce 'yarta ta kawo mata kwikwiyo, wai ya ɗebe mata kewa. Yanzu watansa bakwai, an ce ruwa biyu ne, rabinsa jinsin karen da ake kira teriya. Da ya hango kyanwar sai ya bi ta a guje, ya danne ta, wani lokaci ya cafki ƙeyarta. 'Yar ta ce wasa ne kawai. Kyanwar ta daina saukowa daga bene. Jiya raina ya ɓaci na ɗaga masa tsintsiya, tsohuwar ta yi ta kuka. Ban taɓa riƙon kare ba. Ina tsoron ya kashe kyanwar a ce sakacina ne, kamfani ya sallame ni, bizata kuwa a hannunsu take."

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kafin komai, mayar da tsintsiyar nan bayan ƙofa, kada ki sake ɗaga ta ko da wasa. Ban ga laifinki ba, duk wanda ya ga ana turmushe tsohuwar kyanwa a gabansa zuciya za ta ɗebe shi. Amma a ƙasar da kike, dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora alhakin dabba a kan duk wanda take hannunsa, ko da na ɗan lokaci ne, kuma tun 2021 hukuncin azabtar da dabba yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5. Ba a ɗaure mutum don ya ɗaga tsintsiya. Abin da ya fi kusa shi ne tsohuwa ta faɗa wa 'yarta, 'yar ta buga wa kamfani waya, a rubuta a fayil ɗinki cewa kin firgita wadda kike kula da ita. Kin kuma sani, idan kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarki ya sallame ki, yawanci kwana 60 ake ba mutum, ya samu wani mai ɗauka ko ya tattara nasa ya nasa. Kare ɗan wata bakwai bai kai a yi wannan asarar a kansa ba.

Sai batun 'yar, wai wasa ne. Mai yiwuwa a wurin karen wasa ne. To wa ya tambayi kyanwar? Ba a wasa da mutum ɗaya yana dariya ɗaya yana neman mafaka. Idan kina son sanin ko wasa ake, ƙaramin za ki kalla, ba babban ba. Gwajin ma ba shi da wuya: ana tsakiyar abin, sai ki riƙe karen a hankali na ɗan lokaci, ki zuba wa kyanwar ido. Idan ta dawo da kanta ta tsokane shi, ta ɗan mare shi da hannu ba tare da ta fito da farce ba, to tana ciki. Idan ta samu sarari ta arce, ko ta maƙale a lungu kunnuwa a kwance tana huci, kin samu amsa. Taki kyanwar ma ta riga ta ba da amsa tun da ta ƙaurace wa ƙasan gidan da ta yi shekaru tana mulki a ciki.

Abin da ya ɗan tsaya mini a rai a saƙonki shi ne cafkar ƙeya. Ina so ki kalli karen da kyau kwana biyu, domin abu biyu ne masu kama da juna amma tafiyarsu daban. Kare mai wasa jikinsa a sake yake, baki a buɗe, yana tsalle-tsalle kamar ba ƙashi a jikinsa. Za ki ga ya kwantar da ƙirji da ƙafafun gaba a ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama yana kaɗa jela, wannan ita ce gayyata. Yana tsayawa ya ja numfashi, yana yarda a bi shi kamar yadda yake bi, har ya kwanta rigingine don ƙarami ya hau kansa. Haushi da gurnanin da ke cikin wannan ba su cika tayar mini da hankali ba. Shirun ne abin tsoro. Idan ya yi tsit, baki a rufe, jiki a sandare, ya sunkuyar da kai ya kafe ta da ido, yana sanɗa a hankali, kin kira sunansa ko kunne bai motsa ba, to ba wasa ba ne, farauta ce. Idan kuma ya kama wuya ya girgiza kai, an kai matakin ƙarshe. Teriya kuwa don wannan aikin aka samar da shi tun asali, kisan ɓeraye da bin dabbobi cikin rami, kuma da kamu da girgiza yake gama su. Ba mugunta ba ce, jini ne. Idan wannan kika gani, maganar ta fi ƙarfina ta fi ƙarfinki, sai likitan dabbobi ya haɗa masu gidan da ƙwararre kan halayyar karnuka, kuma kafin nan babu haɗuwa ko ta minti ɗaya.

A ce wasan ne ya yi yawa, wanda shi na fi zato a shekarunsa. Kare daga wata 6 zuwa wajen shekara ɗaya da rabi yana cikin tashen balaga: haƙoran yarinta sun zube, manya 42 sun fito, ƙarfi ya zo, hankali bai iso ba. Ga kuma abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba. Bin kyanwa a guje shi kansa lada ne. Ba sai an ba shi komai ba, daɗin gudun ya ishe shi. Saboda haka duk ranar da ya bi ta sau biyar, darasi biyar ya ɗauka, kuma duk horon da kika yi masa da safe ya rushe. Wanda ya fara da koyarwa alhali ƙofa a buɗe take, zuba ruwa yake a kwando. Aikin farko shi ne a toshe hanyar bin.

Ki nemi 'yar ta sa ɗan shingen nan da ake sa wa yara a bakin bene. Akwai mai ƙaramar ƙofa a ƙasa wadda kyanwa ke wucewa kare ba ya iya bi. Abincin kyanwar, ruwanta da tiren da take bahaya duk su koma inda hancinsa ba ya kaiwa, domin kyanwar da ake tsarewa a hanyar tire za ta koma yi a kan kafet, a ce ita ce ta lalace. A falo a samar mata wuri mai tsawo, amma mai sauƙin hawa, ki tuna tsohuwa ce, ƙila gaɓoɓinta ba sa son tsalle. Shi kuma, duk lokacin da suke ɗaki ɗaya, a sa masa rigar ƙirji da siririyar igiya kamar mita biyu yana ja a ƙasa, wadda ba ta da madauki a ƙarshe don kada ta sarƙe ƙafar kujera. Da ya zabura sai ki taka igiyar, ba ihu, ba guje-guje. Sai dai ki lura, igiya a ƙasa tarko ce ga tsohuwa, idan za ta tashi tafiya ki cire. Duk lokacin da idonki ba ya kansu, kina yi wa tsohuwa wanka ne, kin fita ne, ko dare ya yi, ƙofa a rufe tsakaninsu.

Koyarwar kanta kada ki fara ta a gaban kyanwa. Ki fara a ɗakin da ba kowa, da 'yan gutsattsarin abin da ya fi so a aljihunki, ƙanana kamar ƙwayar wake. Ki kira sunansa, da ya juyo ya dube ki sai ki ce kalma ɗaya ta yabo ki miƙa masa nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan kika tsaya lalube a jaka, ya riga ya manta abin da ake biyansa a kai. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana. Daga nan ki koya masa kwanciya a kan wani ɗan bargo nasa, duk lokacin da ya kwanta a kai sai lada ya sauko tsakanin ƙafafunsa. Kalmomin umarni ki yi amfani da waɗanda masu gidan ke faɗa masa, kowa bakinsa ɗaya.

Idan wannan ya zauna, sai a kawo kyanwa cikin lissafi, amma daga nesa, tana bayan shinge. Ya dube ta, ki yi kalmar yabon, ya juyo, ki biya. Ya sake dubanta, haka. Abin da kike shuka masa shi ne ganin kyanwa alama ce ta a juyo wurinki. Ga ma'auni mai sauƙi: idan kin miƙa masa abin da yake so ya ƙi karɓa, ko ya fizge shi har haƙori ya taɓa yatsanki, kun yi kusa, ku ja baya. Tazarar ana rage ta ne a makonni, ba a yini ɗaya ba. Ranar da ya kuɓuce ya bi ta, kuma za a yi irin wannan ranar, ki ɗauki igiyar ba tare da magana ba, ki kai shi wani ɗaki, ki rufe na rabin minti zuwa minti ɗaya, ki fito da shi. Ya maimaita, ki maimaita. Ihu kuwa a kunnensa haushi ne, gani zai yi kin shigo wasan kun zama biyu a kan kyanwa.

Ƙarfin nan da ke cinsa dole ya samu mafita. Ja-in-ja da tsumma ko igiya mai kauri yana ba shi kamu da girgizar da jininsa ke nema, a kan abin da ba ya jin zafi. Ki watsa abincinsa a ciyawa ya yi ta shinshina yana tsinta, minti goma na wannan yana gajiyar da shi fiye da yadda za ki zata. Barci ma haka. Kwikwiyon da bai samu isasshen barci ba kamar yaron da ya wuce lokacin kwanciya ne, fitinarsa ƙaruwa take. Ki lura ko da yamma ne abin ya fi tsanani. Idan haka ne, kafin lokacin ya yi ki ba shi abin taunawa a wurin kwanciyarsa.

Za ki ci karo da masu cewa ki danne shi a ƙasa ki nuna masa ke ce shugaba. Wannan tunanin ya samo asali ne daga binciken da wani masanin dabbobi, Rudolf Schenkel, ya wallafa a 1947 kan kyarketan da aka tsare a gidan namun daji na birnin Basel, a ƙasar Switzerland. David Mech, masanin da ya taimaka wajen yaɗa shi, da kansa ya fito a 1999 ya ce a daji garken kyarkeci iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Abin wuya mai jan lantarki kuma, wanda yankin Wales ya haramta tun 2010, kada ki bari a kawo shi, ko a yi duka, a kan wannan matsalar. Kare yana haɗa zafi da abin da idonsa ke kai a lokacin. Idan duk sanda ya kalli kyanwa ya ji azaba, wanda da yake son wasa da ita zai koma jin haushinta.

Zomon kuwa, a bar maganar abota. Karen bana shi ke maganin zomon bana, masu karin magana ba su yi ƙarya ba. Zomo yana iya karya ƙashin bayansa garin zabura, yana iya mutuwa don firgita kaɗai ba tare da haƙori ya taɓa shi ba. Ko da wata rana kika ga suna shinshinar juna ta jikin waya, sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. A kewaye kejin da wani shinge yadda karen ba zai iya zuwa ya tsaya a kansa yana haushi ba, a sa masa akwatin ɓuya a ciki.

Kyanwar ma tana bukatar likita ya duba ta. Cizon kare a jikin ƙaramar dabba yana yaudara, a waje ɗan huji ne ko ma ba komai, a ciki nama ya murƙushe. Damuwa mai tsawo kuma tana janyo wa kyanwa ciwon mafitsara. Idan kika ga tana yawan zuwa tire tana yunƙuri fitsari ba ya fita, ko ta yini ba ta ci ba, a ranar za a kai ta.

Saura ke da aikinki. Tsohuwa aka ɗauke ki ki kula da ita, ba kare ba, kuma bai kamata wannan kaya ya zauna a kanki ke kaɗai a ɓoye ba. Yau ɗin nan ki rubuta wa manajanki, a rubuce ba a waya ba, ki kuma sa a littafin rahoton da kike cikawa kullum: ranar kaza, ƙarfe kaza, kare ya bi kyanwa ta tsakanin ƙafafun tsohuwa. Ta nan za ki shigo musu, domin shi ne gaskiya kuma shi ne abin da ya shafe su. Kare da kyanwa suna tsere a falon mai tafiya da sanda hanyar faɗuwa ce, fatar tsofaffi kuma ba ta jure yaƙushi, balle idan tana shan maganin tsinka jini. Batun tsintsiyar ma ki faɗe shi da bakinki kafin wani ya faɗa miki shi: kin tsorata, kin ɗaga, ba ki doke shi ba. Ki nemi su zauna da 'yar a fayyace wa zai riƙa fita da karen, wa zai sayi shinge, wa zai biya mai horarwa. Ki ajiye kwafin saƙon a wayarki.

Bayan mako uku ki sake rubuto mini. Ba labarin karen nake so ba, shi na san zai yi ta gaba yana baya. Ki faɗa mini ko kyanwar ta fara saukowa, da kuma mataki na nawa take zama a kan benen.