Kwat ɗin soja ya maye mana bargo

Tambaya: Anti barka da aiki. Hunturun bana a Daura ya yi tsanani, bargo kuma kuɗinshi ya fi ƙarfina, shi ne maigida ya sawo wata ƙatuwar kwat ta soja a gwanjo muke lulluɓa ma yara, makwabciyata sai dariya take mana. Akwai illa ne?
Maman Walida, Daura

Amsa: Maman Walida ƙyale makwabciyar nan taki. A Ingila ma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, da gwamnati ta taƙaita sayen tufafi daga 1941 har 1949, gidaje da yawa irin wannan kwat suke jibgawa kan gado, don da ulu ake saƙa ta, tana riƙe ɗumin jiki sosai.

Amma fa kayan gwanjo ne, ki wanke ta tas ki shanya a rana kwana biyu, ki bi ɗinkin wuya da aljihuna a hankali don nan kuɗin cizo ke laɓewa, ki cire maɓallan ƙarfen nan kar yaro ya sa a baki. Jariri kam kar ki ɗora mashi, ta yi nauyi. Kuma maigida kar ya sa ta ya fita kasuwa, sojoji ba su wasa da kakinsu.