Ƙanena, kan hoton bakin teku da ka gani

Na ga saƙonka tun shekaranjiya, aikin dare ne ya hana ni amsawa. Ka ce ka ga hoton da na sa a WhatsApp a kan dutsen bakin teku, kai ma kana so in nemo maka makaranta ka zo mastas, wai ka gaji da zaman Kano. Kai ne na huɗu da ya turo min irin wannan maganar a kan hoton nan guda ɗaya, shi ya sa zan gaya maka abin da hoton bai nuna ba.

Wurin sunansa Staithes, wani ƙauyen masunta ne a arewa maso gabashin Ingila, daga Middlesbrough inda nake bas X4 ake hawa. Kyau kam wallahi akwai shi, ba zan ɓoye maka ba. Gidaje a cunkushe cikin kwari, lungu ƙanana kamar na cikin badala, ga dutsen Boulby a gefe tsayinsa ya haura mita 200, in ka leƙa ƙasa sai ka ji ƙafarka na rawa. Gaba kaɗan Whitby ne, da matakala 199 da ake hawa zuwa kangon tsohon cocinsu, da hasumiyar fitila da aka gina tun 1858 don nuna wa jiragen ruwa hanya da dare, har yau tana aiki sai dai babu mai gadi a ciki, na'ura ke kunna ta. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce Tiga ba, ranar farko tsayawa na yi ina ta subhanallah.

Toh amma ka san me ya fara kai ni ƙauyukan nan? Ba yawon buɗe ido ba ne, aikin kula da tsofaffi ne, gida gida, ƙarfe 6 na safe cikin duhu da iskar da ke ratsa jaket biyu. Akwai wani dattijo da nake yi wa wanka, tsohon masunci ne, kakansa ma masunci, hannunsa duk kanta. Ya ce min da can kwale-kwale cike suke da bakin gaɓar, yanzu 'yan kaɗan suka rage masu kamun ƙaguwa. Kifi ya ja baya, samari duk sun tafi birni, gidajen kuma masu kuɗi sun saye suna ba 'yan hutu haya, da hunturu layi guda za ka wuce babu fitila ko ɗaya a kunne. 'Ya'yansa uku, sai a yi wata biyu babu wanda ya leƙo. Wannan abin ya fi komai taɓa ni a ƙasar nan, don duk ranar da na fito daga gidansa Baba nake tunawa, ni ma fa tafiyar na yi na bar shi, lokacin da ya kwanta asibiti ta waya na yi jinya. Kai ne kake kusa da su Baba yanzu, ka sa wannan a lissafinka kafin kuɗin jirgi.

Maganar kuɗi kuma, ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a sati lokacin karatu, ba za ta biya maka kuɗin makaranta ba ko wa ya ce maka za ta biya ƙarya yake. Kuɗin lafiya kaɗai fam 776 ne duk shekara, tun wajen neman biza za ka biya, sannan sai ka nuna kuɗin zama na wata 9 sun kwana 28 a asusu. Daga Janairun 2024 mai mastas na aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya zuwa da iyali, saboda haka maganar ka ɗaura aure ku taho tare ka ajiye ta. Kuma ka rabu da ejan, wani ya ci min kuɗi a kan takardar da ni da kaina na cike daga baya a waya. Lokacin da naira ta faɗi ina tsakiyar biyan kuɗin makaranta, wata uku ina cin taliya da man gyaɗa, babu wanda ya tambaye ni ya nake sai dai a turo lambar asusu. Alhamdulillah na gama, na biya su har kobon ƙarshe ban ci bashin kowa ba, na yi lasin tuƙi, wannan kam ina alfahari da shi.

A Disamba kafin ƙarfe 4 an yi magariba, a Yuni kuwa sai wajen 10 saura. Soyayyen kifinsu ma sai ka tambaya, wasu da kitsen shanu suke suya, wasu giya suke zubawa a ƙullin. In ka sauka ƙasan duwatsun ka duba lokacin cikowar ruwa, yana rufe hanya ya tsare mutum.

In duk ka ji ka gani, ku zauna da Baba da Umma tukuna, in sun sa albarka ka turo min sakamakonka da fasfo mu duba tare. Kar ka ɗauko kilishi, ƙwacewa za su yi a filin jirgi, kuka da daddawa da yaji za ka taho min da su. Ranar hutuna ta farko zan kai ka Staithes ka gaida dattijon nan.