Lasisi ba ya toshe kunnen maƙwabci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a Birmingham ta Ingila. Gidan da na saya a Kano, bayan titin Zoo Road, na mayar da shi ɗakin taron biki, ƙanina ke kula da shi. Wata huɗu da buɗewa maƙwabta suka kai ƙara wajen mai unguwa, wai kiɗan DJ yana hana su barci. Ƙanina ya ce in turo kuɗi a yanko lasisi, magana ta mutu. Wane lasisi ne, kuma a ina ake samunsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sanya albarka a nema.

Kada ka tura ko sisi tukuna. Ka fara tambayar ƙaninka: lasisin wace hukuma? In ya yi ta kame-kame, to shi ma ji ya yi an faɗa. Babu wata takarda guda ɗaya a Kano da za ka manna a bango ta ba ka ikon hana unguwa barci. Takardun da yawa ne, kowace da ofishinta.

Wadda ta fi damuna ita ce ta filin. Ka ce gida ka saya. Ɗauko takardar shaidar mallaka ka duba abin da aka rubuta a wajen amfani. Idan gidan zama ne aka rubuta, to ka buɗe kasuwanci a inda aka ba ka izinin kwana. Tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978 filin birni yana hannun gwamna, kai riƙo aka ba ka a kan sharaɗi, kuma saɓa sharaɗin yana iya jawo a soke takardar. Don haka sai an nemi canjin amfani daga na zama zuwa na kasuwanci. Maganar takardun fili tana KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, da ma'aikatar ƙasa, amincewa da zanen gini kuma tana KNUPDA, hukumar tsara birane. Duk wanda ya ga rusau ɗin 2023 a Filin Idi ya san gwamnati ba ta jin nauyin siminti. Yau ƙorafin maƙwabtanka kiɗa ne, amma ranar da ɗayansu ya gano filin na zama ne, ba zai sake ambaton kiɗa ba. Takarda zai rubuta, sai ka ga jan fenti a katanga.

Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, mai sauƙi ce, kana zaune a ɗakinka za ka yi ta intanet, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani. Ka yi ta da sunanka. Hukumar kashe gobara ta duba ƙofofin fita, a biya haraji a karɓi rasit.

Sai abin da ke faruwa a cikin ɗakin. A nan akwai Hisbah, akwai kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda a 2025 ta haramta bikin Ƙauyawa. Ƙa'idojinsu kan canza, don haka wakilinka ya je da ƙafarsa ya karɓo na yanzu a rubuce, a sa su cikin takardar da masu biki ke sa wa hannu. A tarayya ma hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin ƙara tun 2009, kuma sun bambanta dare da rana.

To, mu dawo kan maƙwabta, domin ni dai ina ganin da gaskiyarsu. Kai a Ingila da wani ya kunna kiɗa a bayan tagarka ƙarfe sha ɗayan dare, da safe kana kiran kansil, wato ƙaramar hukuma. Tsohon da zai tashi Asuba a bayan ɗakin taronka ba shi da wannan lambar, mai unguwa yake da shi. Kuma zuwansu wajen mai unguwa mutunci suka yi maka, da sun so da ofishin 'yan sanda suka nufa.

Abin da ke damunsu galibi ba waƙar ba ce, dukan ganga ne mai nauyi, wanda ke ratsa bulo ya girgiza gado. Rufin kwano ba ya tare shi. A yi silin mai kauri, a toshe tagogin da ke kallon gidaje, ƙofar shiga ta zama biyu a jere don kada ƙara ta fice duk lokacin da 'yan biki suka buɗe. A juya lasifika ta bar kallon katangar maƙwabta. Kayan sautin su zama naka, domin DJ da ya zo da nasa ba ya jin "rage". Janareta ma a gina masa ɗaki. Kada a manta da motoci da 'yan adaidaita da ke tare ƙofofin mutane, wani lokacin su suka fi kiɗan cin rai.

Ka kira mai unguwa da kanka, kada ka aika. Ka gaishe shi, ka ba da haƙuri, ka roƙi a zauna da limami da dattawan layin. A tsayar da lokacin tashi, a kashe kiɗa in an kira salla, a ba su lambar wanda zai ɗauki waya a daren biki. A rubuta, kowa ya sa hannu.

Game da ƙaninka, ban ce yana cinka ba. Amma yaro ne a idon dattawan nan, kuma kuɗin biki a hannunsa yake shiga, da wuya ya katse taro ana tsakiyar liƙi. Ka sa lauya ya rubuta takardar wakilci da ta fayyace abin da zai iya sa wa hannu, ban da sayarwa da jingina. Kuɗin hukuma kuwa lauyan ya biya ta banki ya turo maka hoton rasit. Idan hutunka na gaba ya kusa, ka dakatar da bukukuwan dare har ka sauka Kano a yi zaman da kai.