Ku Tambayi Anti: Kwalbar shatenye da aka miƙo min a Faransa, giya ce ko me?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Damagaram ce, wata huɗu kenan da zuwana karatu garin Valence a Faransa. Matar da nake haya a gidanta mutuniyar kirki ce wallahi, duk Juma'a da yamma sai ta tara maƙwabta su yi abin da suke ce ma apéro, wato zaman hira da ɗan abin sha da na taɓawa kafin abincin dare. Ran nan ta fito da wata kwalba an rubuta crème de châtaigne, ta ɗan tsiyaya a kofi ta ƙara wani abu a kai ta miƙo min, na ce na gode na ƙoshi. To amma kullum da safe ina shafa wani abu na gwangwani mai suna crème de marrons a burodi, sai gabana ya faɗi ko duk abu ɗaya ne. Dan Allah mene ne bambancinsu, kuma me zan riƙa sha a wajen kar a ga kamar ina ƙyamar mutane?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, na gwangwanin nan ba giya ba ne, na kwalbar kuwa giya ce sak, gara da kika ce kin ƙoshi. Kalmar crème ɗin nan ita ke rikita baƙi, in dai a jikin kwalbar abin sha kika gan ta to ba madara ake nufi ba, barasa ce da aka danƙara wa sukari. A dokar Tarayyar Turai sai sukarin ya kai giram 250 a lita ɗaya, ƙarfin barasar kuma bai gaza kashi 15 cikin ɗari ba, kafin a ba ta wannan suna. Shi ya sa take da kauri da zaƙi har mutum ya ɗauka sirop ne, wato ruwan sukari mai kauri. Ki riƙa duba jikin kwalba, in kin ga lamba da "% vol" a gefe, shikenan magana ta ƙare.

Shi shatenye ɗin, wato châtaigne ko marron da Faransanci, 'ya'yan itace ne, yana fitowa cikin kwanso mai ƙaya kamar bushiya, cikinsa gari-gari, in aka gasa ɗanɗanonsa na tsakanin dankalin Hausa da gurjiya. Kuma kin sauka a gidansa ne fa, don kina tsallaka kogin Rhône daga Valence kin shiga yankin Ardèche, wanda ya fi ko'ina noman shi a Faransa. Mutanen duwatsun can da na tsibirin Kosika da shi suka rayu shekaru aru-aru a inda alkama ba ta yi, har suna ce wa bishiyar itacen burodi. To kin ga abin da matar nan ta fito da shi tutiyar garinsu ne, kamar ke ki ajiye wa baƙo kilishi.

Abin da kika ga ta haɗa sunansa kir na Ardèche, wasu su ce castagnou. Asalin kir daga garin Dijon yake, an sa masa sunan Félix Kir, wani limamin coci da ya yi magajin garin daga 1945 zuwa 1968, can da giyar 'ya'yan cassis ake yi, wasu ƙananan 'ya'yan itace baƙaƙe. Mutanen Ardèche sai suka musanya da tasu, a zuba kaɗan a gindin kofi a cika da farar giyar inabi mai sanyi. In biki ne a sa shamfen, wasu kuma giyar tuffa suke ƙarawa, wato cidre. Sannan ki kula da wannan sosai don nan ne ake shammatar mutum: suna ɗiga barasar shatenyen nan a gahawa mai zafi bayan cin abinci, suna kwarara ta kan askirim, har cikin kek ma. Duk kayan zaƙin da aka ce miki na shatenye ne a gidan mutane ki tambaya ko an sa alcool, wato barasa, su ba sa jin haushin wannan tambayar ko kaɗan. Haka giyar Kosika mai suna Pietra, da garin shatenye ake yinta, kar hoton ɗan itacen ya ruɗe ki.

Na burodinki kuwa tarihinsa daban. Kamfanin Clément Faugier na garin Privas ya fara yin alewar marrons glacés a 1882, sai a 1885 suka ga gutsattsarin da ke farfashewa na tafiya a banza, suka niƙa su da sukari da banila ya zama crème de marrons. Ci abinki. Sai dai su alewar akwai waɗanda ake jiƙawa da barasar rhum ko cognac, ana rubutawa a kwali.

Batun me za ki sha, ni dai ba na son ki daina zaman nan, a irinsa ake sanin mutane kuma Faransancinki zai buɗe. Ki shiga kanti ki nemi sirop de châtaigne, kamfanin Monin na yi, ba barasa a ciki. Cokali biyu a kofi, ki cika da ruwan tuffa mai gas mai sanyi, ki tabbatar an rubuta jus de pomme pétillant ba cidre ba, ƙamshin shatenyen duk yana nan. In zaƙin ya miki yawa ki matsa lemon tsami. Da sanyin nan da ke tafe kuma ki dama cokali ɗaya na crème de marrons cikin madara mai zafi, wallahi kamar kunun gyaɗa yake kwanciya a ciki. Ki kai wa matar kwalbar sirop ɗin da kanki ki ce ga nawa, sannan wata Juma'ar ki dafa musu zoɓo da citta, da yawansu sun san shi da sunan bissap. A faranti ki tsaya kan zaitun da gyaɗa da cuku, yankakken saucisson ɗin nan galibi naman alade ne.

In kuma kin ga 'ya'yan a zube a gefen titi ko filin shaƙatawa kar ki tsinta ki gasa, yawancinsu marron d'Inde ne, kama kawai suke yi amma suna da guba. Shi wanda ake ci kwansonsa cike yake da ƙaya sirara, ɗan kuma yana da ɗan tsini da gashi a kai. Ki saya wajen masu gasawa a cikin gari ko a kasuwa.